Ba, Be, Bi Kafin A, B, C: Karatun Fari a Azuzuwan Raino na Ikilisiya



Duk wanda ya bi ta bayan tagar ajin raino da hantsi, a Ringim ne ko Dutse ko Gumel, ya san amon da ke fitowa daga ciki. Anti tana tsaye a gaban allo da tsumagiya tana nuna haruffa, yara cike da aji suna rerawa da iyakar muryarsu, daga A har Z, babu mai yin tuntuɓe. Uwar da ta zo wucewa da kwanon cefane takan ji daɗi a ranta, ta ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Amma akwai ɗan gwaji da ba ya cin minti ɗaya. A kira yarinya guda daga cikin masu rerawar, a ɗora yatsa a kan harafin da ke tsakiyar layi, a ce ta faɗi wane ne. Sau da yawa sai ta yi shiru, leɓɓanta suna motsi, ta koma can farko tana ƙirgowa a zuci har ta iso wurin yatsan. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, ga shi ta haddace abu ashirin da shida a jere. Waƙa aka ba ta, ta kuwa riƙe. Karatu ne ba a fara ba ta ba tukuna.

Bambancin hadda da karatu ba baƙon abu ba ne ga mai bin Littafi Mai Tsarki. A cikin Ayyukan Manzanni, Filibus ya tarar da babban ma'ajin sarauniyar Habasha a cikin keken doki da littafin annabi Ishaya a hannu, kuma abin da ya fara bincika shi ne ko mutumin yana fahimtar abin da idonsa ke bi. Tambayar da ta dace da babban mutum a hanyar Gaza ta dace da ɗan shekara biyar a Ringim.

Matsalar ba ta wannan gari kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kusan kashi 89. Da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta kullum, suna da jaka da littafin rubutu. Wurin da abin ya lalace shi ne tushe, shekarun nan biyu ko uku da ake ɗauka na wasa da rera waƙa ne kawai.

Abin da ke sa lamarin ya fi ciwo a makarantar ikilisiya shi ne tarihinta. Ikilisiyar ƙasar Hausa da karatun Hausa ta tashi. Tun kafin Turawan mulki su iso, wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta aka kuma 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa da haruffan boko. Daga cikin abin da ya fito daga bakin Dorugu aka gina littafin Magana Hausa na 1885. Wato wani yanki na Hausar farko da aka buga a ɗab'i, maganar yaro ce.

A 1900 ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda ya dawo ya zauna cikin birnin Zariya a 1905 ya buɗe makaranta, aka mayar da ita Wusasa a 1929. Shi da Hausawan da suka yi aiki tare da shi suka ɗauki shekaru suna fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga wannan gida aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan boko na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A ɓangaren ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, an yi makarantar kwana ta yara maza a Roni, cikin Jigawa ta yau, an kuma koyar da karatu a wuraren jinyar masu cutar kuturta kamar Yadakunya. A ƙauyuka da dama, ajin shirin baftisma shi ne ajin koyon karatu, domin ana so wanda zai shiga ruwa ya iya buɗe littafi da kansa. Ita kanta Makarantar Lahadi, da Robert Raikes ya yi fice da ita a garin Gulosta na Ingila wajen 1780, an kafa ta ne domin a koya wa 'ya'yan talakawa masu aiki duk mako yadda za su karanta.

Har yanzu a majami'un karkara ana ganin tsohuwa wadda ba ta taɓa zama a ajin firamare ba, ta ciro Littafin Waƙoƙi daga jaka, ta nemo lamba, ta bi da yatsa. Jikanta da ya yi shekara uku a makarantar kuɗi kuwa yana gefenta, bai iya haɗa sunan kakar tasa ba. Wannan abin kunya ne ga makaranta, kuma ana iya gyara shi.

Gyaran daga kunne yake farawa. Kafin yaro ya gane cewa wannan zanen yana wakiltar sauti, sai ya fara jin cewa magana gunduwa-gunduwa ce. Malamar da ta san haka takan kwashe makonni ba ta rubuta komai a allo ba. Takan sa yara su tafa sunayensu: Ta-la-tu tafi uku, Yu-su-fu tafi uku, Rut tafi ɗaya, Ha-na-tu uku. Takan tambaya wane ne sunansa ya fara kamar masara, sai Maryamu da Matta da Markus su miƙe. Takan kawo kwando da goruba da gyaɗa da gero da dabino, ta ce a fitar da wanda bakinsa ya bambanta da na sauran. Mai leƙowa zai ce wasa ake yi, kuma gaskiyarsa. Sai dai wasan nan shi ne ginshiƙi na farko cikin biyar da kwamitin binciken karatu na Amurka ya bayyana a rahotonsa na shekarar 2000: jin sautukan magana, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Kacici-kacici da karya-harshe da waƙoƙin gaɗa da Hausawa suka gada duk horon kunne ne, tun kafin wani kwamiti ya sa musu suna.

Daga nan sai haruffa, kuma a nan ne ɗan Hausa yake da gatan da ɗan Ingila ba shi da shi. Turanci yana da haruffa 26 da ake tilasta wa ɗaukar sautuka kusan 44, shi ya sa harafi ɗaya yake fita da murya uku ko huɗu gwargwadon kalmar da ya faɗa. Rubutun Hausa na boko, wanda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fara shimfiɗa wa ƙa'ida a 1912 aka kuma daidaita shi da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, kusan abin da aka rubuta shi ake furtawa. Wasula biyar ne. Yawancin gaɓoɓi baƙi ne da wasali. Yaron da ya san a da i da u, ya san m da n da k da b, ya riga ya mallaki mama da baba da kaka da nama da baki da kunu da makani. Cikin 'yan makonni zai karanta jimlar da bai taɓa ji ba, kamar a ce kaka ta ba Binta kunu, ya ɗago kai yana dariya domin ya gane. Wannan dariyar ita ce shaidar da malama za ta nema, domin mai hadda ba ya yin ta.

Tsarin ba sabo ba ne a unguwa. Makarantar allo da ke maƙwabtaka da majami'a ta daɗe tana bin matakai: babbaƙu tukuna, a san kowane harafi da kamanninsa, sannan farfaru, a sa masa wasali, sannan a haɗa. Malamin ikilisiya ba ya rasa komai idan ya lura da wannan tsari ya girmama shi. Littafin Ka Koyi Karatu da dattawa da yawa suka fara da shi, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, su ma ta gaɓa suka bi. A wannan zamani shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da ya fara a Katsina da Zamfara, sun sake komawa kan hanyar nan da littattafan Hausa da jagorar malami ta kowace rana.

Akwai wuraren da Hausa take da nata tarko, kuma a ajin raino ake kauce musu. Na farko haruffa masu lanƙwasa. Allunan haruffa da ake sayowa a kasuwa na Turanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y. Yaron da bai gan su tun farko ba zai girma yana rubuta kafa a wurin ƙafa, baki a wurin baƙi, kasa a wurin ƙasa. A bakin mai bi lamarin ya fi haka nauyi, domin ƙauna da ɗa da ɗaukaka duk da lanƙwasa suke, kuma kalmomin da zai fi haɗuwa da su ke nan ranar Lahadi. Na biyu, sh da ts da ky da gw a koyar da su a matsayin sauti ɗaya ɗaya, kada a raba su. Na uku, rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka gari na iya zama inda ake zaune ko abin tuwo, kuka na iya zama itace ko hawaye, gado na iya zama na kwanciya ko na magada. Jimla ce take warware su, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na kada a bar yaro da kalmomi tsirara a kan kati. Akwai kuma bambancin furuci, wani gida a ce fura wani a ce hura. Kada a ce wa yaro maganar uwarsa kuskure ce. A ce masa haka ake rubutawa a littafi, shi ke nan.

To, sai babbar tambaya, wadda kowane shugaban makaranta ya sha ji a ofishinsa. Uba ya zo biyan kuɗi, ya ce shi Turanci ya kawo ɗansa ya koya, Hausa ai akwai ta a gida. Bai kamata a raina wannan uba ba. Ya san jarrabawa da Turanci ake yi, ya san takardar neman aiki da Turanci ake rubutawa, ya kuma san cewa ɗan ƙaramin rukuni a cikin gari sau da yawa ilimi ne jarinsa. Amsar da za a ba shi tana da hujja, kuma hujjar daga makarantar ikilisiya ta fito. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwaji a makarantar St. Stephen ta Anglican da ke Modakeke. Wasu yara aka koya musu dukan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami. Wasu aka bi da su ta tsohuwar hanya. Da aka auna, 'yan Yarbancin ba su gaza ba ko a Turancin kansa, a wasu darussan ma sun fi. Dalilin a fili yake. Dabarar karatu, wato gane cewa zane sauti ne kuma sautuka suna haɗuwa su ba da ma'ana, sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya koye ta da harshen da yake mafarki da shi, zai ɗauke ta ya kai wani harshe kamar yadda mai iya keke ba ya sake koyon daidaita jiki idan ya hau babur. Wanda aka haɗa wa sabon harshe da sabuwar dabara a lokaci guda, an ɗora masa kaya biyu a wuya ɗaya.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi harshen uwa ko na yankin a matakin raino da farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa Turanci. Makaranta dole ta san dokar da ke kanta, amma ko a ƙarƙashin kowace doka Hausa darasi ce, kuma babu abin da ya hana a ba ta rabin sa'a mai kyau kowace safiya a yi karatun gaske a ciki. Turanci kuma ya shigo ta baki tun ranar farko, da gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa da umarni na wasa, har kunne ya cika kafin a kai ga rubutunsa.

Ajin ikilisiya a Jigawa ba harshe ɗaya ba ne, wannan gaskiya ne. Akwai 'ya'yan Hausawa masu bi daga ƙauyuka, akwai 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da ƙasar Ibo da ta Yarbawa, wasu iyalan ma zuwansu ya samo asali tun zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake tsayawa a Ringim ya ɗauki gyaɗa. Hanya mafi sauƙi ta gane harshen aji ita ce a saurari filin wasa lokacin tara. Da wane harshe suke rigima a kan ƙwallo? A yawancin garuruwan nan amsar Hausa ce, ko ga yaron da sunansa Cinedu. Inda kuma maƙwabta Musulmi suka kawo 'ya'yansu, amana ce babba, kuma haƙƙinsu ne a gaya musu dalla-dalla abin da ake koyarwa da abin da ake rerawa.

Wajen labari kuwa, makarantar ikilisiya tana zaune a kan rumbu. Nuhu da jirginsa, Yusufu da 'yan'uwansa, Dauda da majajjawa, Zakka a kan itace, tunkiyar da ta ɓata: labarai ne masu mafari da tsakiya da ƙarshe, masu dabbobi da rijiya da fari da yunwa, abubuwan da ɗan gefen kogin Haɗeja ya sani da idonsa. Kuskuren da ake yi shi ne a mayar da su ayar hadda kawai, a tsayar da yaro ranar bikin Kirsimeti ya zubo ta a tafa masa. Haddar aya tana da wurinta, ba a ce a bari ba. Amma labari sai an tsaya a tsakiyarsa an tambaya. Me ya sa 'yan'uwan Yusufu suka ji haushinsa? Da kai ne makiyayin, ina za ka fara dubawa? Me kuke jin zai faru yanzu? Yaron da ya saba amsa irin waɗannan yana gina fahimta tun bai san harafi ba. Hausar Littafi Mai Tsarki ta manya ce, ta yi wa ɗan shekara huɗu tsauri, saboda haka malama ta karanta a gida ta zo ta ba da shi da bakinta, gobe kuma ta kawo Gizo da Ƙoƙi, domin su ma suna koyar da bin zaren labari.

Rashin littattafai gaskiya ne, sai dai bai kai yadda ake kuka da shi ba. Kwalin taliya da aka yanka, da alƙalami mai kauri, da zare da allura, sun isa a yi babban littafi mai shafi takwas, jimla ɗaya da hoto ɗaya a kowane shafi. Mafi daɗinsa shi ne wanda yara suka faɗa da bakinsu bayan sun dawo daga kallon kasuwa ko gonar shinkafa, malama tana rubutawa a gabansu suna ganin maganarsu tana zama zane, kamar yadda aka yi da Dorugu. Zumuntar mata da ke haɗuwa kowane mako za ta iya ɗinka irin waɗannan guda goma a zama ɗaya, matasa masu hannun zane su sa hotuna. A rataye su ƙasa-ƙasa inda hannun yaro zai kai. Littafin da aka kulle a kabad don kada ya yage ba ya koya wa kowa komai.

Rubutu kuma kada a yi masa gaggawa. Yatsun ɗan shekara uku ba su ƙosa su riƙe fensir su cika shafi da layuka ba, kuma aikin gida mai yawa a wannan shekaru yakan ƙare ne a hannun yaya ko uwa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi domin yara su bi su da yatsa suna furta sautin. Makarantun masu kuɗi suna sayen irin wannan kaya da tsada. A jihar da sunanta ma daga jigawa ya fito, faifai da ɗan yashi sun wadatar. Yaro ya zana ƙ da yatsa, ya ce ƙ, ya shafe, ya sake. Ya murza yumɓu ya yi ɗ, ya jera ƙwallon dabino ya yi s. Kafin a ba shi fensir, hannunsa ya riga ya san hanya.

Duk wannan a kan mutum ɗaya ya rataya. Al'adar da aka saba ita ce a ba ajin raino ga wadda ta fi kowa ƙarancin takarda da ƙarancin albashi, wai ai yara ne kawai. Dattawan da ke riƙe da kuɗin makaranta su sake duba wannan lissafi. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, kuma akwai fannin ilimin ƙananan yara a cikinta. Inda ba a sami mai ita ba, a nemo wanda zai zauna da Anti kwana biyu ko uku kafin kowane zango su bi sautukan Hausa ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa daga cikin malaman su kansu ba a taɓa koya musu rubuta harshen da suke magana da shi ba.

A ƙarshen zango, maimakon jarrabawar rerawa tare, a kira yara ɗaya ɗaya, minti uku kowanne. A nuna haruffa goma a hargitse. A ba shi gaɓoɓi biyar da kalmomi biyar da bai taɓa gani a allo ba. A ba shi ɗan labari da baki a yi masa tambaya biyu. A rubuta abin da ya iya a gaban sunansa. Wanda aka ga ya tsaya wuri ɗaya zango biyu, kafin a ce masa daƙiƙi a sa iyayensa su kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa, domin ciwon kunne mai zubar da ruwa yakan rage jin yaro ba tare da kowa ya lura ba, kuma wanda bai ji bambancin k da ƙ ba, ba zai rubuta shi ba. Sauran kuma a raba su gida biyu ko uku gwargwadon inda kowa ya kai, a dawo da kwandon goruba da faifan yashi ga waɗanda har yanzu suke kan wasula.